Shin hitar ruwa mai aiki da rana tana mayar da kuɗinta?

Tambaya: Mu biyar ne a gida, kuma da hitar lantarki muke ɗumama ruwan wanka safe da yamma. An ba ni shawara in ɗora hita mai aiki da zafin rana a kan rufi. Ina so in san abin da za ta rage mini a gaskiya, wace iri ce ta fi, kuma me yake lalata ta.

Amsa: Malam, tana mayar da kuɗinta, amma da sharaɗi. Hitar rana ba ta samar da kuɗi, abin da kake kashewa wajen ɗumama ruwa take ragewa. Gidan da ke amfani da ruwan zafi da yawa kullum shi ke cin ribarta da wuri. Gidan da sai lokacin sanyi yake kunna hita kuwa zai daɗe bai ga kuɗinsa ba. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, fara da lissafin ruwan gidanka.

Lissafin ba shi da wahala. Domin a ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas, ana buƙatar wat-awa 1.16 na makamashi. Wannan adadi ba ya canzawa, ko da lantarki aka ɗumama ruwan, ko da gas, ko da itace, ko da rana. Masu aikin nan kan ƙiyasta wa kowane mutum lita 30 zuwa 50 na ruwan zafi a yini. Mu ɗauki 40, ku biyar ke nan lita 200. Idan ruwan famfo yana shigowa da zafin digiri 20, kana so ya kai 60, tazarar digiri 40 ce. Ka ninka 200 da 40 da 1.16, za ka samu kimanin wat-awa 9,300, wato yunit 9.3 na mita a kowace rana. A shekara abin ya kai yunit 3,400, ban da yunit ɗaya zuwa biyu da tankin hitar lantarki kan zubar a banza kullum ta jikinsa idan an bar shi a kunne. Wanda ke dafa ruwan a tukunya kan gas, inda kusan rabin zafin ke bin gefen tukunya ya tafi, zai ƙona kusan kilo ɗaya da rabi na gas domin irin wannan ruwa, tunda kilo ɗaya yana ɗauke da kusan yunit 13.

Rana ba za ta ɗauke maka wannan nauyi duka ba. Akwai ranakun hadari, akwai ranar baƙi, akwai wanda zai yi wanka da tsakar dare bayan tanki ya huce. Hitar da aka auna daidai aka kuma ɗora daidai takan ɗauki kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na buƙatar shekara, gwargwadon yawan ranar wurin. A ƙasashen arewacin Turai abin kan tsaya wajen rabi ko sama kaɗan, a ƙasashe masu rana sosai yakan kusanci ƙarshen wancan adadi. Mu ce naka kashi 70 ne: yunit 2,380 ke nan a shekara da ba za ka saya ba. Ka ninka shi da kuɗin yunit ɗaya a takardar wutarka, abin da ya fito shi ne ribarka ta shekara. Sannan ka raba kuɗin na'urar, haɗe da na ɗorawa da bututu da bawul, da wannan riba. Misali kawai: idan jimillar kuɗin ta yi daidai da kuɗin yunit 8,000, cikin shekara uku da wata biyar ka fanshe. Amma idan a zahiri lita 100 kuke amfani da ita ba 200 ba, lokacin ya ninka, ya doshi shekara bakwai. Na'ura mai kyau da ake kula da ita takan yi shekara 15 zuwa 20, don haka ko a hali na biyu akwai riba, sai dai ba irin wadda mai sayarwa zai faɗa maka ba.

Akwai hanyar da ta fi ƙiyasi: ka karanta mitarka kwana bakwai da hita a kunne kamar yadda kuka saba, sannan kwana bakwai a kashe. Bambancin shi ne ainihin abin da ruwan zafi ke ci maka. A gidajen Amurka ɗumama ruwa kan ci kusan kashi 18 cikin 100 na makamashin gida, amma a gidan da ba ya ɗumama ɗakuna kuma ba ya kunna na'urar sanyaya iska, kason kan fi haka nesa ba kusa ba.

Ya kamata in raba maka abu biyu da ake yawan haɗawa. Wannan hita ba faifan sola mai ba da lantarki ba ce. Faifan lantarki na yau yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta. Hitar rana ba ta bi ta lantarki ko kaɗan: baƙin ƙarfe ne ko gilashi mai baƙin shafi yake shan rana ya miƙa zafin ga ruwa kai tsaye, kuma a aikace takan kama kusan rabin abin da ya sauka. Da tsakar rana a sararin sama garau, murabba'in mita ɗaya yana karɓar kimanin wat 1,000. A wuri mai rana, jimillar yini takan kai yunit 5 zuwa 6 a kan murabba'in mita. Rabin wannan yunit biyu da rabi ne zuwa uku, shi ya sa gida irin naka yake buƙatar faɗin murabba'in mita 3 zuwa 4 na mai tara zafi, wato ɓangaren da ke shan rana, da tanki na lita 200 zuwa 250. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce lita 50 zuwa 75 na tanki ga kowane murabba'in mita. Idan tanki ya yi ƙanƙanta, ruwa zai tafasa da azahar, bawul ya riƙa zubar da shi. Idan ya yi girma, ruwan zai tsaya a ɗumi-ɗumi har rana ta faɗi.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Clarence Kemp na birnin Baltimore ya yi wa hitarsa rajista a 1891, kuma a 1909 William Bailey a Kalifoniya ya raba mai tara zafi da tanki mai rufi domin ruwa ya kwana da zafinsa, tsarin da ake kai har yau. Isra'ila ta wajabta ta a kan sababbin gidaje tun 1980, a tsibirin Saifurus mafi yawan gidaje suna da ita, Sin kuma ita ke riƙe da mafi girman kason abin da aka ɗora a duniya. Wato abu ne da aka daɗe ana gwadawa, an san inda yake ci da inda yake faɗuwa.

Mai tara zafin iri biyu ne. Na farko shimfiɗaɗɗen faranti: akwati mai murfin gilashi, a ciki baƙin faifan jan ƙarfe ko alminiyam da siraran bututu manne da shi, a ƙarƙashi kuma abin riƙe zafi. Yana da ƙarko, yana jure matsin ruwa, kuma ba ya fashewa da sauƙi. Na biyu jerin bututun gilashi masu bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kamar fulas ɗin shayi. Wanda aka fi samu faɗinsa milimita 58 ne, tsawonsa mita 1.8, kuma ana lissafa kusan lita 10 ga kowane bututu, ke nan 20 ga tankin lita 200. Saboda babu iska a tsakanin bangon biyu, zafi ba ya samun hanyar gudu, don haka sun fi faranti aiki a wuri mai sanyi da iska. A wuri mai zafi bambancin ba shi da yawa, har ma ƙarfinsu kan zama matsala, domin suna iya tafasa ruwan da ba a yi amfani da shi ba. A ganina, inda ba a yin ƙanƙara kuma ruwan gida yana zuwa da ƙarfi, faranti da tanki mai jure matsi ya fi kwanciyar hankali. Inda kuɗi ya yi ƙaranci kuma ruwa daga tankin sama yake gangarowa, bututun gilashi ba su da laifi, in dai ana samun na canji idan ɗaya ya fashe.

Sai kuma yadda ruwan ke zagayawa. Mafi sauƙi shi ne wanda ba shi da injin turo ruwa ko kaɗan. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau da kansa zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Babu wuta, babu abin da ke juyawa, babu abin da zai ƙone. Amma wannan zagaye ba shi da ƙarfi, ƙaramin kuskure ma yana tsayar da shi. Idan tanki daban yake da faranti, dole gindinsa ya ɗara saman farantin da aƙalla santimita 30, in ba haka ba da dare zagayen zai juya baya, ruwan zafi ya sauko faranti ya huce, a wayi gari da ruwan sanyi. Bututun da ke hawa zuwa tanki kuma dole ya yi ta hawa babu lanƙwasa ƙasa ko ɗaya, domin duk inda ya yi ƙusumbi iska za ta taru a nan ta toshe hanya. Yawancin hitocin da ake cewa ba sa aiki, laifin ke nan, ba na na'urar ba.

Tsari na biyu shi ne mai ƙaramin inji da na'urar sarrafawa, inda tanki ke ƙasa cikin gida. Na'urar tana auna zafin faranti da na gindin tanki, ta kunna inji idan faranti ya fi da digiri 6 zuwa 8, ta kashe idan tazarar ta sauko wajen 3. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa ana zuba ruwan gilaikol, mai hana daskarewa, a wannan zagaye maimakon ruwa zalla, a canza shi duk shekara uku zuwa biyar. Ya fi tsada, kuma idan wuta ta ɗauke da rana inji ya tsaya, faranti zai yi ta tara zafi babu mai kwashewa. In dai rufinka zai ɗauki tanki kuma ba a ƙanƙara a wurinku, ba na ganin dalilin sayen wannan.

Batun rufi ba na wasa ba ne. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, idan aka haɗa da tanki da ƙarafan tsayawa da mai tara zafi, nauyin zai kusanci kilo 300 a ɗan ƙaramin wuri. A sa wanda ya san gini ya duba katako ko dakalin kafin a ɗora, a kuma ɗaure ƙafafun da ƙusoshi masu kyau saboda iska. Fuskar mai tara zafin ta kalli kudu idan kana arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, ta kalli arewa idan kana kudu da ita. Karkatarsa ta yi kusan daidai da lambar latitud ta wurin, wato nisansa daga ikwaita a digiri, amma kada ta gaza digiri 10 zuwa 15 ko da kusa da ikwaita kake, domin ruwa ya iya hawa a ciki, ruwan sama kuma ya wanke ƙura a waje. Kuskuren digiri 15 ko 20 a fuska ba ya rage abu mai yawa. Inuwa ce ke kashe aiki: bishiya, tankin ruwan sanyi ko ginin maƙwabci da ke rufe shi tsakanin ƙarfe tara na safe da uku na yamma.

Yanzu ga inda riba ta fi zurarewa, kuma shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Yawancin tankunan suna zuwa da ƙarfen hita na lantarki a ciki domin ranakun da babu rana. Idan aka bar shi a kunne dare da rana, ga abin da ke faruwa: an yi wankan safe, ruwan sanyi ya shiga tanki, ƙarfen ya kama aiki nan take, kafin hantsi ya kai ruwan digiri 60. Da rana ta ɗaga sai ta tarar babu aikin da ya rage mata. Mai gida yana ganin ruwan zafi kullum yana murna, mita kuwa tana gudu kamar da. Maganin ƙaramin abu ne: a sa wa ƙarfen taima ko makunni na daban, a kunna shi awa ɗaya ko biyu da yamma bayan rana ta gama nata, kuma sai in an taɓa ruwa an ji bai kai ba. Idan iyali za su iya mayar da wanka mai yawa da wanke-wanke zuwa yamma ko farkon dare, ribar tana ƙaruwa, domin lokacin ne tanki ya fi zafi. Tanki mai rufi mai kauri, wajen santimita 5 na kumfa mai riƙe zafi, zai kai ruwa asuba da zafinsa, muddin ba a tsarma shi da ruwan sanyi mai yawa da dare ba.

Bututun da ke kai ruwa banɗaki ma yana cin riba a ɓoye. Bututu mai faɗin milimita 15 a ciki yana riƙe kusan lita ɗaya da kashi uku cikin huɗu a kowace mita 10, kuma duk wannan ruwa sai an zubar kafin mai zafi ya iso. A ɗora hitar kusa da inda aka fi amfani da ruwa, a naɗe bututun da soson riƙe zafi, a kuma rufe soson daga rana, domin hasken rana yana rududduge shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Kada a yarda a sa farin bututun roba na ruwan sanyi a layin zafi, zai yi laushi ya buɗe a mahaɗa. Kusa da mai tara zafi jan ƙarfe ya fi aminci.

Abu biyu sun shafi lafiyar jiki. Ruwan hitar rana yana iya wuce digiri 80 a ranar da ba a yi amfani da shi ba, alhali ruwan digiri 60 ma yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, na yara da tsofaffi kuma ya fi sauri. Dole a sa bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi a bakin fitar tanki, a saita shi kada ya wuce 50. A ɗaya ɓangaren, ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa wani mugun ciwon huhu, tana yaɗuwa a ruwan da ya kwanta tsakanin digiri 20 da 45. Shi ya sa ake so ruwan cikin tanki ya riƙa kai 60 akai-akai, aƙalla sau ɗaya a mako idan hadari ya jera kwanaki. A nan ƙarfen lantarkin yake da amfani na gaske. Tanki mai matsi dole ya kasance da bawul na tsaro mai sakin ruwa idan zafi ko matsi ya yi yawa, da bututun da zai kai ruwan inda ba zai zubo wa kowa ba. Tanki marar matsi kuwa yana da ɗan bututun shaƙar iska a sama. Kada a toshe shi don yana ɗiga, kada kuma a haɗa irin wannan tanki kai tsaye da ruwa mai ƙarfi, zai kumbura ya tsage.

Abin da ke kashe na'urar a hankali ruwan da kansa ne. Idan ruwanku irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi sosai ne, kuma yana barin farin ƙanzo a gindin butar shayi, to wannan ƙanzon zai taru a cikin bututu da jikin ƙarfen hita, kuma taruwarsa tana sauri da zarar zafi ya haura 60. A irin wannan ruwa a wanke cikin na'urar duk shekara ɗaya ko biyu, ko a zaɓi tsarin da ruwan sha ba ya bi ta cikin mai tara zafi. Tankin ƙarfe mai shafi a ciki yana da sandar magniziyam da aka sa domin tsatsa ta ci ta maimakon ta ci tanki. A duba ta duk shekara ɗaya zuwa biyu, a canza idan ta sirance. Abu ne mai araha, amma mantuwa da ita ke sa tankin da ya kamata ya yi shekara 15 ya huje a ta biyar.

Masu bututun gilashi su kiyaye abu ɗaya: bututun da babu ruwa a ciki, idan rana ta buge shi, zafinsa kan wuce digiri 200. Idan ruwa ya yanke tanki ya bushe, kada a buɗe masa ruwan sanyi da rana, gilashin zai tarwatse. A jira dare ko sassafe. Ƙasan kowane bututu akwai shafi mai ƙyallin azurfa, idan ya koma fari iska ta shiga, bututun ya mutu sai canji. Idan za a yi tafiyar makonni a lulluɓe rabin bututun ko duka da ƙyalle mai kauri. Ƙura kuma a wanke ta da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi.

Akwai abokin takara da ya kamata ka sani, tunda faifan lantarki ya yi araha a shekarun nan. Hita mai jawo zafi daga iska, wadda ke aiki kamar firij da aka juya, tana ba da zafin kusan yunit uku da yunit ɗaya na wuta. Idan ka riga kana da faifan sola mai rarar wuta da rana, wannan ko ma hita ta yau da kullum da taima ke kunnawa da tsakar rana na iya fi maka sauƙi. Idan ba ka da shi, kuma ruwan zafi kaɗai kake nema, hitar rana marar inji ta fi ƙarancin kayan lalacewa, ba ta buƙatar batir, kuma ɗaukewar wuta ba ta shafe ta.

Wajen saye ka nemi a rubuta maka faɗin mai tara zafi da murabba'in mita, irin ƙarfen cikin tanki da kaurinsa, kaurin abin riƙe zafi, matsin da tankin ke jurewa, da tsawon garantin tanki daban da na mai tara zafi. Tambarin gwaji irin Solar Keymark na Turai ko SRCC na Amurka alama ce cewa an auna aikin na'urar a ɗakin gwaji. Bayan an ɗora, ka kashe ƙarfen lantarki gaba ɗaya, ka cika tanki da sassafe, kada a taɓa ruwan har la'asar a ranar da sama take garau. Idan ma'aunin zafi bai nuna digiri 55 zuwa 60 ba, a duba inuwa, a duba hawan bututu, a duba ko iska ta maƙale, kafin ka biya mai aikin cikon kuɗinsa.